Lissafin Ninki: Daga Ƙwayar Iri Zuwa Bashin Damina

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori a lokacin kaka, zai ga abin da zai sa ya gode wa Ubangiji. Ga masara an tara ta tuli-tuli, ga dawa ta sunkuyar da kai, ga auduga ta yi fari fat. Amma mu da muke zaune a wannan ƙasa mun sani ba dukan buhunan da aka ɗinke ne za su kwana a gidan wanda ya noma su ba. Waɗansu tun a bakin gona mai bin bashi yake jiransu. Waɗansu kuwa ƙwari za su cinye su kafin bikin Ista.

Lissafi guda ɗaya ne yake bayyana yadda iri yake yaɗuwa, da yadda ƙwari suke yawaita a rumbu, da yadda bashi yake kumbura. Shi ne darasin da littattafanmu na aji suke taƙaita sunansa da haruffan G.P. A nan za mu kira shi jerin ninki. Ɗalibai da yawa suna haddace ƙa'idodinsa domin jarrabawa kawai, da an fito kuma sai su watsar. Nufinmu shi ne mu bi darasin daki-daki da Hausa, domin ɗalibi ya iya warware tambayar jarrabawa, ya kuma iya zama kusa da mahaifinsa ranar da za a sa hannu a takardar rance.

Jeri iri biyu

A ce wata 'yar zumuntar mata tana jefa naira 500 a asusu kowane mako. A mako na farko tana da 500, na biyu 1,000, na uku 1,500, na huɗu 2,000. Kowane mataki ana ƙara masa abu iri ɗaya, watau 500. Wannan shi ne jerin ƙari.

Yanzu mu dubi iri. A misalin mai shuka da ke cikin Markus sura 4, an yi maganar irin da ya faɗi a ƙasa mai kyau, har wani ya ba da ninki 100. A ce ƙwaya 1 ce muka shuka ta ba da 100, ba mu ci ko ɗaya ba, muka sake shuka su duka. A damina ta biyu za mu shuka 100, a ta uku 10,000, a ta huɗu 1,000,000. Da ƙara 100 ake yi kowace shekara, da a damina ta huɗu 301 kaɗai za mu samu. Nan ba ƙari ake yi ba, ninkawa ake yi, domin abin da aka haifa shi ma yana haihuwa. Wannan shi ne jerin ninki.

Hanyar gane shi mai sauƙi ce. A ɗauki kowane mataki a raba shi da wanda ya gabace shi. In amsar ba ta sakewa, to jerin ninki ne. A jerin 3, 6, 12, 24, kowane rabo yana ba da 2. Wannan amsa ita ce lambar ninki, muna rubuta ta da harafin r. Mataki na farko kuwa muna rubuta shi da harafin a.

Ƙa'ida ta farko: neman kowane mataki

Tun da kowane mataki ninkin na bayansa ne sau r, jerin zai zama haka:

a, ar, ar², ar³, ar⁴

Ma'anar r³ ita ce r × r × r. Mu lura, mataki na biyu yana da r guda 1, na uku yana da 2, na huɗu yana da 3. Kullum yawan r yana kasa lambar matakin da ɗaya. Saboda haka mataki na n shi ne:

T = arⁿ⁻¹

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, sai su rubuta n a wurin n − 1. A tuna da shinge: in an kafa sanduna 4 a jere, tsakaninsu rata 3 ce. Daga damina ta farko zuwa ta huɗu, sau 3 aka ninka.

Da wannan lissafi ne sabon iri yake isowa gonakinmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kusa da Zariya, wadda ta fara a matsayin gonar gwaji a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce take fitar da ire-iren da sunansu yake farawa da SAM, kamar masarar SAMMAZ, da gyaɗar SAMNUT, da audugar SAMCOT. Masanin da ya fitar da iri ba da tirela yake farawa ba, ɗan kaɗan ne a hannunsa. Sai a ninka shi a gonar cibiya, a sake ninka shi a wajen masu noman iri, kana ya iso kasuwa. Alal misali, a ce an ba mu mudu 2 na sabuwar gyaɗa, kowane mudu kuma yana ba da mudu 10 na iri mai kyau. Mudu nawa za mu shuka a damina ta huɗu? Nan a = 2, r = 10, n = 4. Sai mu ce 2 × 10³, watau mudu 2,000. Wanda ya soye mudu 1 daga cikin biyun nan tun farko, ba mudu 1 ya ci ba, mudu 1,000 ya hana ƙauyensu.

Inda aljabara take shigowa

Sau da yawa ba a ba mu a da r, sai dai a ba mu matakai biyu a ce mu nemo su. Aikin aljabara ke nan, watau gano lambar da ta ɓuya ta wurin waɗanda suke a fili. Sunan ma daga Larabci ya fito, daga kalmar al-jabr da ke kan littafin da masani al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820.

Mu ɗauki misalin wake a rumbu. Ƙwaron wake yakan kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kimanin wata guda a lokacin zafi, saboda haka kusan kowane wata sabon zuri'a ne. Lambobin da za mu yi aiki da su na misali ne. A ce an ɗebo mudu 1 a wata na 2 an ƙirga ƙwari 60, a wata na 5 kuma an ƙirga 1,620. Nawa ne a wata na farko, nawa kuma za su zama a wata na 7?

Mataki na 2: ar = 60
Mataki na 5: ar⁴ = 1,620

Kada a ɗebe ɗaya daga ɗaya kamar yadda ake yi a jerin ƙari. Rabawa ake yi. In mun raba layi na biyu da na farko, a za ta kashe a, sai ya rage r³ = 27. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta har ta bayyana sau 3 za ta ba da 27? Ita ce 3. To r = 3. Mu mai da ita layi na farko: a × 3 = 60, saboda haka a = 20. A wata na 7 kuwa, 20 × 3⁶, watau 20 × 729, ya ba mu 14,580.

Ƙwari 20 a mudu ba su tayar wa mai rumbu da hankali, amma su ne 14,580 ɗin nan. Gaskiya ne ninkin ba zai ci gaba har abada ba, zai tsaya sa'ad da abincinsu ya ƙare, sai dai abincin nasu shi ne wakenmu. Dalili ke nan da ya sa ake cewa a shanya wake ya bushe sarai, a zuba shi tun ranar farko a abin da iska ba ta shiga, kamar buhun PICS mai riɓi uku wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In iska ta ƙare a ciki, ƙwarin ba sa iya hayayyafa. Da harshen lissafi, an karya r tun a tana ƙarama. Rigakafi ya fi magani.

Akwai wata tambaya kuma da masu jarrabawa suke so. Za a ce x, da x + 6, da x + 18 matakai uku ne a jere cikin jerin ninki, a nemo x. Tun da lambar ninki ɗaya ce, na biyu a raba da na farko daidai yake da na uku a raba da na biyu. Wannan yana nufin na tsakiya in an ninka shi da kansa, daidai yake da na farko sau na uku:

(x + 6)² = x(x + 18)
x² + 12x + 36 = x² + 18x
36 = 6x
x = 6

Matakan su ne 6, 12, 24. Kullum a gwada amsa: 12 a raba da 6 ya ba da 2, haka ma 24 a raba da 12. Ta yi daidai.

Ƙa'ida ta biyu: jimla

Wani lokaci jimlar matakan duka ake nema. Wannan tambaya tsohuwa ce ƙwarai. A wata takardar lissafi ta tsohuwar Masar, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa kimanin shekara 1,550 kafin haihuwar Almasihu, an jera gidaje 7, da kyanwoyi 49, da ɓeraye 343, da zangarniyar hatsi 2,401, da awon hatsi 16,807, sa'an nan aka ba da jimla.

Ga dabarar. Mu kira jimlar S. In mun ninka kowane mataki sau r, za mu sami sabon jeri wanda ya yi kama da na farko, sai dai ya rasa a a farkonsa, ya kuma sami arⁿ a ƙarshensa. In mun ɗebe tsohon daga sabon, duk na tsakiya za su kashe juna, ya rage rS − S = arⁿ − a. Daga nan:

S = a(rⁿ − 1) ÷ (r − 1)

Mu gwada da na Masar: a = 7, r = 7, n = 5. Mun riga mun ga 7⁵ = 16,807. A ɗebe 1 ya zama 16,806, a raba da 6 ya zama 2,801, a ninka sau 7 ya zama 19,607. Ita ce jimlar da ke kan takardar Ahmes. Wanda ya gane dabarar nan, ko ya manta ƙa'idar a ɗakin jarrabawa zai iya sake gina ta.

Bashi mai haihuwa

Yanzu mu zo ga abin da ya fi taɓa gidajenmu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, musamman a watan Yuni da Yuli sa'ad da ake neman kuɗin taki. A ce manomi ya ranci naira 50,000 da ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata. In ruwan a kan uwar kuɗi kaɗai ake lissafa shi, 5,000 ce kowane wata. Bayan wata 6 zai biya 80,000, bayan wata 12 kuma 110,000. Wannan jerin ƙari ne.

Amma in ruwan da ba a biya ba ana haɗa shi da uwar kuɗi, shi ma ya riƙa jawo ruwa, to an koma jerin ninki, r = 1.1. A lura, ranar karɓar rance ita ce mataki na 1, saboda haka bayan wata 6 muna mataki na 7. Lissafin shi ne 50,000 × 1.1⁶, watau kimanin naira 88,578. Bambancin bai kai 9,000 ba, mutum zai ce ba kome. To in kaka ba ta yi kyau ba, aka ɗaga biya zuwa wata 12, bashin ya zama kimanin 156,921, ya haura ninki uku na abin da aka karɓa. Haka yake ga mai karɓar buhu 1 a damina da alkawarin biyan 2 a kaka. In ya kasa, aka riƙa ninka masa kowace shekara, zai tashi daga 2 zuwa 4, zuwa 8, zuwa 16 a kaka ta huɗu. Ta haka gona takan fita daga hannun mai ita.

Saboda haka kafin a karɓi rance a yi tambaya uku. Kashi nawa ne ruwan? A wata ne ko a shekara? Ruwan da ba a biya ba yana haihuwa, ko kuwa? Ɗalibin da ya iya darasin nan zai fitar da amsa cikin minti biyar.

Lissafin nan kuma yana tona asirin masu alkawarin riba ta banza. A 2016 shirin MMM ya bazu a Nijeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, watau r = 1.3. In da gaskiya ne, naira 10,000 da aka bari tana juyawa za ta zama kimanin 233,000 a shekara guda, ta kuma haura miliyan 126 a shekara uku. Wace gona ce, wace kasuwa ce take ba da haka? Da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. A watan Disamba na 2016 aka dakatar da biya, mutane masu yawa suka yi asara. Haka kuma duk shirin da aka ce kowa ya kawo mutum 5: zagaye na farko 5, na biyu 25, na uku 125, na 12 kuwa 244,140,625, alhali ƙidayar 2006 ta sami kimanin mutum miliyan 140 ne a ƙasar duka. Dole ya rushe, kuma na ƙarshe su ne masu yawa, su ne kuma masu kuka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In r ba ta kai 1 ba

Jerin ninki yana iya yin ƙasa. A ce gona ta ba da buhu 20 bana, ba a sa mata taki, ba a hutar da ita, kowace shekara tana ba da kashi 4 cikin 5 na bara. Jerin shi ne 20, 16, 12.8, haka har ƙasa, r = 0.8. Idan r tana tsakanin 0 da 1, rⁿ yana ta ƙanƙancewa har ya kusa zama sifiri, sai ƙa'idar jimla ta koma:

S = a ÷ (1 − r)

Watau 20 a raba da 0.2, amsa 100. Ko shekara nawa za a yi ana noma gonar nan a haka, duk abin da za ta bayar ba zai wuce buhu 100 ba.

Haka rabon gado yake. In kaka yana da eka 16, kowane zamani kuma ana raba wa mutum 4, to r kashi 1 cikin 4 ce: 16, 4, 1, sa'an nan rubu'in eka. Mutane suna ninkuwa, ƙasa ba ta ninkuwa. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina kimanin mutum miliyan 3.75, ta 2006 kuma kimanin miliyan 5.8. Shekara 15 ke tsakani, saboda haka r¹⁵ ya kai kimanin 1.55, r kuwa kimanin 1.03, watau ƙarin kashi 3 cikin 100 a shekara. Shekara nawa jama'a za su ɗauka su ninka biyu a kan wannan tafiya? Muna neman n a cikin 1.03ⁿ = 2. Nan ne ake buɗe teburin logarizim: log 2 shi ne 0.3010, log 1.03 kuma 0.0128. In an raba, amsa kimanin 23.5. Cikin shekara 24 ke nan, tun jaririn da aka haifa yau bai daɗe da aure ba.

Wani limamin Ikilisiyar Ingila, Thomas Malthus, ya yi wannan lissafi a 1798, ya yi gargaɗi cewa mutane suna ƙaruwa ta ninki, abinci kuwa ta ƙari. Abin da ya sauƙaƙa mana a nan shi ne ilimi ya ƙara abin da eka ɗaya take bayarwa. Dattawanmu suna tuna lokacin da masara abin bayan gida ce, ta gasawa kafin hatsi ya nuna. Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da na Gusau da Gombe, ya yaɗa ingantaccen irin masara da takin zamani, har yankin nan ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman masara a ƙasar. Aikin da ya rage na 'yan makarantar yau ne, domin rubu'in eka ba zai ciyar da gida da noman da ba.

Shawara ga masu shiga jarrabawa

Da farko a tabbatar ko jerin na ƙari ne ko na ninki. Na biyu, a rubuta abin da aka bayar da haruffa, kamar ar² = 18, kafin a taɓa kowane lissafi. Na uku, a raba layukan domin a fitar da r, sa'an nan a nemo a. Na huɗu, a ƙirga rata da yatsa domin kada n da n − 1 su rikice. In kuma an iso ga r² = 4, a tuna amsa biyu ce, 2 da −2, sai a duba wadda ta dace da tambayar. Na ƙarshe, a gwada amsar a cikin tambayar.

Ga biyu na gwaji a lokacin hutu. Na ɗaya: mataki na 3 shi ne 18, na 6 kuma 486. A nemo a, da r, da jimlar matakai 5 na farko. Na biyu: garken awaki 16 yana ƙaruwa da rabin yawansa kowace shekara. Awaki nawa ne bayan shekara 4? Amsar na ɗaya: a = 2, r = 3, jimla 242. Amsar na biyu: 81. Kada a leƙa amsa sai an gwada.

Muna roƙon ɗalibanmu, in kun koma gida, ku zauna da iyayenku ku yi musu wannan lissafi a kan rumbu da kan duk takardar rance da ke gidan. Muna kuma roƙon iyaye da dattawan ikilisiya su ba yaran nan dama su faɗi abin da suka koya, ko da su ƙanana ne. Kuɗin makarantar da kuka biya da buhunan masara, ta nan zai fara komowa gida.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya ba ɗalibanmu nasara. Amin.